Kafin ka zargi bindigarka, duba rigar abokin gaba

'Yan uwa ɗalibai, na TSU da na sauran makarantunmu na nan Jalingo, da duk wanda rubutun nan ya iske a Yola ko Gombe ko Zariya. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Maganar gem ce, amma a aljihu za ta ƙare.

Da can in an ce gem a unguwanninmu, daga Sarkin Dawaki zuwa Sintali, ƙwallo ake nufi: PES ko FIFA, ka biya kuɗin wasa, a ci ka, ka tashi ka ba na baya wuri. Yanzu abin ya faɗaɗa. Mai laftof ɗin da aka saya masa don furojet ya zuba Mass Effect a ciki, mai waya mai ɗan ƙarfi ya sauke Honkai: Star Rail. Waɗannan wasannin sararin samaniya ne masu labari, inda kake gina jaruminka, ka zaɓi abokan tafiya, ka yi ta yawo daga wannan duniya zuwa waccan. Kuma kuka iri ɗaya ake ji a ɗakuna: bos ɗin nan ba ya mutuwa, bindigata ba ta da ƙarfi, gem ɗin nan cuta yake. Daga nan sai ɗayan uku: ko a goge shi cikin fushi, ko a shiga neman hanyar maguɗi, ko a sa kuɗi a sayi makami.

Ra'ayina shi ne, yawancin lokaci bindigar lafiyarta ƙalau. Matsalar ita ce an harba ta a kan abin da ba don shi aka ƙera ta ba. Wanda bai gane wannan ba kuwa shi ne ya fi saurin zama saniyar tatsa ga kamfanonin gem.

Bari mu fara da Mass Effect 2, wanda kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ya fitar a 2010, don shi ya fi bayyana abin ƙarara, kuma laftof mai matsakaicin ƙarfi ma yana jan sa. In ka saita bindiga a kan abokin gaba, za ka ga layi a saman allo. Kalar layin nan ba ado ba ce. Ja shi ne jininsa. Shuɗi garkuwa ce ta lantarki. Ruwan ɗorawa sulke ne. Shunayya kuma wani shinge ne da masu ƙarfin jiki na musamman ke kewaye kansu da shi. Sai ka ɓare waɗannan rigunan ɗaya bayan ɗaya kafin ka kai ga jini, kuma kowace da abin da take tsoro.

Garkuwa da shinge suna tsoron bindiga mai feshi, wadda ke zubo ƙananan harsasai da sauri. Sulke kuwa ko a jikinsa, shi sai harsashi mai nauyi, irin na babbar fistol ko bindigar harbin nesa. Haka ma baiwar da jarumai ke amfani da ita: Overload na fasa garkuwa, Incinerate na ƙona sulke, Warp na cin shinge da sulke duka. Shi ya sa waɗanda suka iya ke yawan tafiya da Miranda, don tana da Overload da Warp a tare, su ɗauki Mordin in za a gamu da masu sulke. Akwai kuma halittu irin su krogan da vorcha, da jininsu ke dawowa da kansa in ka ɗan sarara. Wuta ce ke tsayar da wannan dawowar. Ga kuma wani abu da ke rikita sababbin shiga: baiwar da ke ɗaga mutum sama ko ta wurga shi ba ta kama shi muddin da sauran riga a jikinsa. Sai ka ga mutum yana ta danna maɓalli yana cewa gem ya lalace, alhali layin sama yana ta gaya masa dalili.

Ɗauki babban mutum-mutumin nan da ake kira YMIR. Garkuwa ce a sama, sulke a ƙarƙashinta, sannan jini. Wanda ya riƙe bindiga ɗaya daga farko har ƙarshe zai ƙarar da harsashi yana tsakiyar faɗa. Wanda ya fara da mai feshi, da shuɗi ya ƙare ya sauya zuwa fistol mai nauyi, zai kayar da shi da makaman da dukansu biyun suke da su. Ba wanda ya fi wani kaya a nan. Ɗaya ya karanta allo, ɗayan bai karanta ba.

Kuma wallahi wannan ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu. Sunan unguwarmu ma, Sarkin Dawaki, sarautar mayaƙan doki ce. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan lifidi a hawan sallah ya ga misalin da idonsa. Lifidi riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga, ana sa wa doki da mahayinsa don ta sha kibiya. Amma auduga ai ba ta shiri da wuta, ga nauyi da ke gajiyar da doki. Sulke na ƙarfe yana tare kaifin takobi, amma ba ya hana ƙashi karyewa in an sauke maka kulki. Kakanninmu sun san cewa ba a tambayar wane makami ya fi, sai an fara tambayar me abokin gaba ya sako. Masu ƙera gem ba su ƙirƙiro komai ba, lambobi kawai suka sa wa abin.

To bari mu taɓa lambobin kaɗan, kada 'yan sashen Hausa da Tarihi su gudu, lissafin bai wuce na cefane ba. A EVE Online, wasan jiragen sararin samaniya da kamfanin CCP na ƙasar Aisland ya fitar a 2003, ɓarna iri huɗu ce: ta maganaɗisun lantarki, ta zafi, ta bugu, da ta fashewa. Garkuwar jirgi, in ba a ƙara mata komai ba, ba ta rage ko kaɗan daga ɓarnar lantarki, amma tana shanye kashi 20 cikin 100 na zafi, kashi 40 na bugu, kashi 50 na fashewa. Sulke kuma kusan akasin haka ne: ya fi jure lantarki, ya fi rauni a fashewa.

Yanzu a ce kana da makamai biyu. Na farko an rubuta masa 100, na fashewa. Na biyu an rubuta masa 70, na lantarki. Ido zai ce na farko ya fi. Harba su a kan garkuwa: na farko ya koma 50, na biyu yana nan a 70 ɗinsa. Ƙaramin ya doke babban. Da garkuwa ta faɗi aka kai ga sulken da ke shanye rabin lantarki amma kashi 10 kawai na fashewa, sai labari ya juya: na farko 90, na biyu 35. Ka ga ke nan lambar da ke jikin makami rabin labari ce. Sauran rabin yana jikin wanda za ka harba.

Ga inda maganar ta zo aljihu. Mass Effect ba ya neman ka sayi bindiga a tsakiyar faɗa kafin ka wuce. Wasannin waya na kyauta kuwa da haka suke ci. Honkai: Star Rail na kamfanin HoYoverse, wanda ya fito a watan Afrilun 2023, yana da nau'in ɓarna bakwai, ciki har da wuta, ƙanƙara, iska da walƙiya. A saman kowane abokin gaba akwai 'yan alamomi da ke nuna nau'in da yake tsoro, da wani farin layi na taurinsa. In ka buge shi da nau'in da ya dace, layin na raguwa, in ya karye sai ya sha ƙarin ɓarna kuma lokacin harinsa ya ja baya. In ka buge shi da wanda bai dace ba, a ƙa'ida layin ba ya motsi. Kuma tun a farkon labari gem ɗin yana ba ka jarumai kyauta masu nau'i daban-daban: March 7th ta ƙanƙara, Dan Heng na iska, Asta ta wuta, Natasha mai warkarwa.

Amma a daidai lokacin da ka maƙale a wani bos, allon da ya fi ƙyalli shi ne na sabon jarumi mai tauraro biyar. Ba kai tsaye ake sayar da shi ba, jefa ƙuri'a ake yi. Kowace jifa duwatsu 160 ce, damar samun mai tauraro biyar kuma kashi 0.6 cikin 100 ce, wato shida a cikin dubu. An lamunce maka samun ɗaya a cikin jifa 90, amma shi ma rabi da rabi ne ko wanda kake so ne ko wani daban. In ba ka yi sa'a ba sai ka kai jifa 180, duwatsu 28,800 ke nan. Gem ɗin yana ba da wasu a hankali, wanda ba shi da haƙuri kuma sai ya cike da kuɗi, farashin da asalinsa da dala aka yanka shi.

Ɗan uwa, da wane kuɗin? Wanda ke karɓar kuɗin kula da kai na NELFUND naira 20,000 yake samu a wata. A ciki za a ci abinci, a hau Keke zuwa ATC a dawo, a yi fotokwafin handaut, a sayi data, datar da tun farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara wa kuɗinta har kashi 50. Wanda kuma daga gida ake turo masa, ya san buhun masara ko na gyaɗa nawa aka fitar kafin alat ɗin nan ya shigo. A ɗauki wannan a zuba a ƙuri'a don a kashe bos ɗin da alamomin kansa ke nuna yana tsoron iska, alhali Dan Heng na zaune a benci? Haba.

Ba ni kaɗai ke ganin tsarin nan da ayar tambaya ba. Tun 2017 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni su riƙa bayyana kason sa'ar irin wannan ƙuri'a. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ce. A watan Janairun 2025 kuma HoYoverse ya amince ya biya dala miliyan 20 a Amurka kan ƙorafin hukumar kare masu saye ta FTC game da yadda yake sayar da ƙuri'a a ɗayan wasansa, Genshin Impact. Hukuncin addini na bar wa malamai. Amma ka ba da kuɗi tabbas don ka samu abin da ba tabbas, kowa ya san da me wannan ya yi kama.

Na san abin da wasu za su ce. Masu ƙwarewa za su ce a matakan ƙarshe na Star Rail sababbin jarumai sun fi tsofaffi nesa ba kusa ba, wasunsu ma suna iya dasa wa abokin gaba raunin da ba shi da shi. Gaskiya ne, kuma da gangan aka tsara haka, don da shi ake sayar da kaya. Amma wannan hujja ce a kan kada ka shiga tseren, domin wanda ka saya yau, nan da 'yan watanni za a kawo wanda ya fi shi. Labarin gem ɗin, wanda shi ne daɗin abin, ba ya buƙatar ka biya ko sisi in kana da haƙurin gina jarumanka.

Wasu kuma za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, ɗalibi da gem ina suka haɗu. Ban ƙi ba, wanda ya kwana yana faɗa da YMIR ya makara lakcar ƙarfe takwas ya cuci kansa, wanda ya bar sallah ta wuce shi kuwa ba sai an faɗa ba. Amma tunda dai ana yi, kuma za a ci gaba da yi, gara a yi shi da kai. Abin da ke kayar da mu a gem shi ne dai ke kayar da mu a zauren jarrabawa: mun tsani karanta umarni. Da rubutun Turanci ya fito a allo sai mu danna a wuce, kamar yadda muke tsallake layin da ke saman takarda mai cewa a amsa tambaya uku kawai, ta farko dole ce.

Saboda haka shawarata gajera ce. In bos ya kashe ka sau biyu, kada ka koma karo na uku da kaya iri ɗaya. Tsaya ka duba kalar layinsa ko alamomin kansa. Buɗe bayanin makamanka ka karanta, kalmar da ta shige maka duhu ka duba ƙamus, riba biyu ke nan. In za ka zaɓi abokan tafiya, kada ka kwashi masu aiki iri ɗaya don kawai sun burge ka. Ka tabbata akwai mai fasa garkuwa, akwai mai cin sulke. Kuma kada ka haɗa katin bankinka da gem ko da wasa, domin fushin an kashe ka da ƙarfe biyun dare ba lokacin yanke shawarar kuɗi ba ne.

Wanda ya maƙale a wani wuri, ya rubuto sunan gem ɗin da na bos ɗin a ƙasa, ya faɗi kalar layin ko alamomin da yake gani. Akwai gwanaye a cikinmu, maza da mata, za su taya shi dubawa. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa albarka a ɗan abin da iyaye ke turowa.