Koke Ba Ƙuri'a, Wa Zai Saurara?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun unguwar nan, daga teburin mai shayi har rumfar 'yan goro. Da an taso da zancen kwatar da ta toshe, ko taransifomar da ta ƙone, ko samarin da aka kwashe da daddare, sai ka ji wani ya ce, "Ku daina wahalar da kanku, gwamnatin siyasa kurma ce." Kowa ya gyaɗa kai, an rufe zance ke nan. Mu dai ba mu yarda ba. Maganar tana da daɗi a baki ne don tana sauke wa mutum nauyi, ya koma ya ci gaba da shan shayinsa. Gwamnati tana ji sarai, sai dai tana zaɓar wanda za ta ji, kuma yadda take zaɓen ba ɓoyayyen abu ba ne.

Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Ranar 9 ga wata ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki, Ojota ta cika ta batse, Kano da Kaduna suka tsaya cak, ma'aikatan mai suka ce za su rufe rijiyoyi. Ranar 16 aka mayar da lita 97. Kurma ne ya ji wannan? A 2006, da 'yan majalisa suka ga masu zaɓensu na jiran su a gida da fushi, Majalisar Dattawa ta binne tazarcen Obasanjo ranar 16 ga Mayu. A Nuwamban 2024 kuwa, yaran da aka kamo daga Kano da Kaduna kan zanga-zangar yunwa sun shafe kusan wata uku a tsare ba wanda ya waiwaye su. Da aka kai su kotu a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi, duniya ta gani a waya, cikin kwana uku Shugaban Ƙasa ya ce a sake su. Wata ukun nan fa iyayensu ba barci suke yi ba, kuka suke ta yi. Abin da ya canja shi ne kunya ta kai ƙofar fadar gwamnati.

To, ga ɗaya ɓangaren. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sake cire tallafin, mai ya ninka kusan sau uku a 'yan kwanaki, jama'a suka yi ta kururuwa a rediyo da Facebook, amma tallafi bai dawo ba. Ra'ayin jama'a a bayyane yake, ko makaho ya san talaka ba ya so. Sai dai an gama zaɓe, na gaba saura shekara huɗu, kuma ba a sami wanda ya tsayar da ƙasa na mako guda kamar 2012 ba. Mai mulki yana da sikeli. A gefe ɗaya yana ɗora abin da zai rasa in ya saurare ka, a ɗayan abin da zai rasa in ya yi biris da kai. Takardarka, komai kyan Turancinta, in ba ta da nauyi a sikelin nan, ƙura ce za ta karanta ta.

Ko tsarin mulki da kansa bai sa takarda ta yi sauƙin cizo ba. Sashe na 69 ya ce jama'a na iya yi wa ɗan majalisa kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, a tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada da Dino Melaye a Kogi, abin ya wargaje a wajen tantancewa a 2018.

Yanzu mu dawo gida, don nan ne abin yake mana ciwo.

Ba mu manta da Fabrairun 2021 ba, lokacin da kasuwar Shasha a Ibadan ta kama da wuta, aka rasa rayuka da dukiya, mata da yara suka kwana a tsakar gidan mutane. Gwamnonin Arewa sun zo, an yi jaje, an ɗauki hoto. Amma yaushe Abuja ta miƙe tsaye? Sai da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta hana motoci gangarowa Kurmi a ƙarshen watan, aka tare tireloli a Jebba, tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabo a Ikko. Kafin mako ya cika an kira shugabannin ƙungiyar an zauna da su, ranar 3 ga Maris suka janye. Ba muna cewa a maimaita ba ne. Wannan wuƙa ce mai baki biyu: manomin Kadawa tumatirinsa ya ruɓe a kwando, mu da ke zaune a nan kuma mu ne muka sha harara daga maƙwabtan da muke sayen ruwa a famfo ɗaya. Amma darasin da ke ciki ba ya ɓuya. An saurare su ne ranar da rashin sauraron ya fara shiga tukunyar miya.

Sai ka kwatanta da 'yan acaɓa. Gwamnatin Legas ta hana su aiki a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, ta sake tsanantawa a Yunin 2022 a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu uku, ta ƙara huɗu a Satumba. Babura da aka kama an niƙe su a gaban 'yan jarida. Samarin sun yi zanga-zanga, sun yi roƙo, ba abin da ya motsa. Wani zai ce ka ga shaida, gwamnati ba ta jin jama'a. Haba! Ai a nan ma jama'a ta ji: masu motocin da suka gaji da karo, da masu rubutu a jarida, da ƙungiyoyin masu gidaje, waɗanda katin zaɓensu na Legas ne. Yaron da ya zo ci-rani daga Jigawa, katinsa yana ƙarƙashin katifar uwarsa a ƙauye, da me zai tsorata gwamna?

Wannan ita ce tambayar da manyanmu ba sa son a yi. Da an sami matsala, tsarin da aka saba shi ne a rubuta takarda, a sa mata hatimin fada, dattawa su sha babbar riga da rawani su tafi "ziyarar ban girma". A ba su lemo, a ce musu Hausawa mutanen zaman lafiya ne, a yi hoto, a sallame su da kuɗin mota. Su dawo su ce, "Alhamdu lillahi, mun kai kuka, an karɓe mu hannu bibbiyu." Ranku ya daɗe, muna girmama furfurarku, amma karɓar baƙo daban, biyan buƙata daban. Wa ya karɓi takardar? Ya buga mata tambari da kwanan wata? Yaushe aka ce a dawo? Wa ya koma? Mutumin da kake gode wa don ya bar ka ka zauna, ba za ka iya tsare shi da tambaya ba. Kuma godiyar ta mece ce? Sabon Ibadan tun 1916 yake nan. Akwai gidajen da kakan kaka a nan aka binne shi. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama inda ya ga dama, haraji kuma ba a taɓa ɗage mana don mu baƙi ne ba.

Abin da ya fi kona rai shi ne tashar mota ana saura mako guda zaɓe. Motoci cike, kaya a sama, kowa ya nufi gida. Mun san dalili, tsoro ne, kuma tsoron ba na banza ba ne, an ga abin da aka gani. Wasu kuma ɗan'uwa ne ya tsaya takara a can. Amma kansila da ɗan majalisar jiha suna da ido. Sakamakon kowace rumfa a rubuce yake, suna duba shi kamar yadda ɗan kasuwa ke duba littafin bashi. Unguwa mai dubban mutane ta ba da ƙuri'a 'yar kaɗan, sannan bayan wata shida ta aiko da takardar kwata? Ko mu ne a kujerar, wa za mu fara yi wa aiki?

Za a ce ai ƙuri'a ba ta ƙirguwa, zaɓen ƙananan hukumomi ma jam'iyyar gwamna ke lashe shi kaf. Na biyun gaskiya ne, kusan a kowace jiha. Amma zaɓen gwamnan Osun na 2018, bayan zagaye na biyu, ƙuri'a 482 ce ta raba Oyetola da Adeleke. Ɗari huɗu da tamanin da biyu! Masallacin Juma'armu yana tara fiye da haka ko ranar da ake ruwan sama. Ɗan siyasar da ya san da irin wannan tazara ake faɗuwa, shi zai nemo ƙofar Sarkin Hausawa da ƙafarsa, ba sai an aika masa da wasiƙa ba. In da ƙuri'a ba ta da amfani, ba za su riƙa rabon atamfa da taliya don neman ta ba.

Hukumar zaɓe tana ba da damar sauya wurin jefa ƙuri'a duk lokacin da ta buɗe rajista, kuma ba a biyan ko kwabo. Muna so in an buɗe, ƙungiyar matasa ta kafa tebur a ƙofar masallaci, limamai su yi sanarwa, a bi mata gida-gida, don su ne aka fi mantawa. Takardar koke kuwa a ci gaba da rubutawa, amma da sunaye da lambar rumfar zaɓen kowa, a kai kwafi ofishin ɗan majalisa, a karɓo mai tambari. Duk wadda aka kawo mana za mu buga ta a wannan shafi da ranar da aka miƙa ta, kuma kowace fitowa za mu rubuta kwana nawa ta yi ba amsa. Za mu fara da ta kwatar bakin kasuwa, in dattawa sun yarda su ba mu kwafi.