Ma'aunin rikicin manya da tiyar wake a Tasawa

Wasu masana tattalin arziki biyu na babban bankin Amurka, Dario Caldara da Matteo Iacoviello, sun ƙirƙiro ma'aunin zaman ɗarɗar tsakanin ƙasashe. Dabararsu ita ce ƙirga labaran yaƙi, barazana da ta'addanci a manyan jaridun Amurka, Ingila da Kanada, wata bayan wata. Sun gano cewa idan ma'aunin ya hau, masu kuɗi kan janye hannu daga zuba jari. Ya hau sosai a 2022 da Rasha ta afka wa Yukiren, kuma manomin Mayahi ya ji a jikinsa ranar da ya je sayen taki.

Aikin na da kyau, amma da idon wasu aka yi shi. Abin da ya fi girgiza kasuwanninmu bai cika samun shafin farko a jaridun can ba. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyakar, aka yanke wutar lantarki, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. Kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagayen Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya hau kan kowane buhun shinkafa. A wannan tsakanin naira ta faɗi, ɗan kasuwar Jibiya ko Mai'aduwa da ke zuwa sayen wake da dabbobi ya tarar kuɗinsa ba su da ƙarfi gaban sefa.

Babban dillali yana jin duk wannan ta waya tun kafin gari ya waye. Wanda ke ba ni tausayi shi ne manomin da ya ɗauko wake a amalanke daga ƙauye, bai san hanya ta buɗe ko canji ya juya ba, ya sayar yadda aka taya.

Muna da SIMA, wadda ma'aikatanta ke bin kasuwanni suna tattara farashin hatsi. Abin da ya rage shi ne a haɗa da canjin naira da sefa, kuɗin dakon kaya da halin da iyaka ke ciki, a karanta da Hausa a rediyon karkara daren jajiberin kasuwa. Hukumomin garin Tasawa da Mayahi, da ƙungiyoyin manoma, ku nemi a fara kafin kakar bana.