Jakar Ratayarmu Ta Ishe Mu

'Yan'uwa marubuta, mu daina yaudarar kanmu cewa sai mun sayi jaka mai tambarin Canon ko Nikon kafin mu fita ɗaukar hoton wuraren da muke rubutu a kansu. Irin wannan jaka talla ce ga masu ƙwace, kuma da zarar an gan ta a Kasuwar Kurmi, kowa zai gyara zama, hirar da muka zo saurare ta mutu.

Jakar da muke rataya littattafai ta wadatar. Mu yanko soson tsohuwar katifa mu shimfiɗa a ƙasanta, mu naɗe ƙaramar kyamarar da ɗankwali, batiri da katin ajiya su shiga aljihu mai zif, nesa da makullai. Da hunturu mu ƙara leda saboda ƙura. Da damina, ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi na kwalin sabon takalmi ya isa.

Masu cewa wannan rowa ce, mu tambaye su: hoto nawa jakarsu ta taɓa ɗauka? Dattawan marinar Ƙofar Mata ba za su jira mu tara kuɗi ba. Mu je, mu gaisa, mu nemi izini, sannan mu fito da kyamara.