Musayar Gida da Kuɗin Fansho

A 1953 wasu malaman makaranta a Turai suka fara musayar gidaje lokacin dogon hutu, abin da ya haifar da ƙungiyar Intervac. Mai gida a Holan ya miƙa wa na Suwizalan makullinsa, shi ma ya karɓi nasa, ba wanda ya biya kuɗin otal. Yau harkar ta koma intanet, kuma a ganina masu ritaya ta fi yi wa rana. Ba su da maigidan da zai ƙayyade musu hutu, suna iya tashi lokacin da jirgi ya yi araha, su yi wata guda suna cefane a kasuwar unguwa kamar 'yan gari. Inda rarar kuɗin masaukin ke tafiya ne ya fi burge ni. Wanda ya shekara 40 yana ƙulle kuɗi, hannunsa kan ƙi buɗewa ko da lokacin ci ya zo, ƙarshe magada su raba. Amma idan masauki kyauta ne, ba ya jin ciwon sayen tikitin jirgin ƙasa ko cin abinci mai kyau. Da sharaɗi dai: sai ka iya barci alhali baƙo na kwance a gadonka, yana buɗe firjinka.