Ka hau kekenka, amma ba zuwa ƙofar gwamna ba

Ka tuna 2015, lokacin da wani matashi ya taka a ƙafa daga Legas zuwa Abuja don taya Buhari murnar cin zaɓe? Tun daga nan ƙofa ta buɗe. Ana gama zaɓe sai ka ga wani ya ɗaura tuta a keke, ya liƙa hoton gwamna ko sanata a ƙirji, wai zai je gaisuwa. Mu kuma mu yi ta yaɗa bidiyon a Facebook da TikTok. Idan ya isa, ko dai a ba shi babur da ɗan abin sa wa aljihu, ko masu gadi su tare shi a bakin ƙofa, mu dawo muna yi masa dariya. Abin da ke damuna shi ne, a idon yawancinmu doguwar tafiya a keke ta koma wata hanyar maula.

Alhali kuwa akwai masu yin ta don ita kanta. A Ruwanda akwai hanyar da ake kira Congo Nile Trail, kilomita 227 a gefen tafkin Kivu, daga Rubavu zuwa Rusizi, hawa da gangara kusan duka. Baƙi na zuwa da kekensu da tantinsu, su kwana a hanya, mutanen ƙauyuka su yi ciniki.

Mu ma fa muna da irin wannan ƙasa. Tsaunin Mambila a jihar Taraba ya kai kimanin mita 1,600 a sama da teku. Daga Jalingo ka bi Bali, ka wuce Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, ka isa Mayo Selbe. Daga nan titi ke fara nannaɗe dutse har sama, sannan Nguroje, sannan Gembu. A can akwai gonakin shayi na Kakara, ga shanu baje a kan tuddai masu ciyawa shar. Da yawa cikinmu mun san wurin ne a hoto kawai, wasu ma har gardama suke yi wai ba Najeriya ba ce.

To amma kada hoton ya ruɗe ka, ɗan uwa. Dutse ba ruwansa da yawan mabiyanka. Kowa hawa yake tsoro, kuma da gaskiyarsa: keken da ba shi da giya mai sauƙi, ga kaya a baya, turawa za ka yi da hannu, kuma wallahi ba abin kunya ba ne. Sai dai gangarowa ta fi haɗari. Idan ka danne birki ka ƙi saki a gangara mai tsawo, ƙarfen tayar zai ɗau zafi, birkin ya rage kamawa, wani lokaci ma tayar ta fashe. Masu yin irin wannan tafiya kan matsa su saki, su matsa su saki, su tsaya ƙarfe ya huce. Ga kwana-kwana da ba ka ganin abin da ke bayansu, ga motocin kaya da ba lallai su hango ka ba idan hazo ya sauko. Robar birki ta canji, famfo, kayan faci, fitila gaba da baya, hular kwano: wanda ba shi da waɗannan, gaskiya bai shirya ba.

Sanyi kuma wani batu ne. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Ɗan Kano ko Maiduguri da ya taso da ’yar shimi, ya jiƙe da gumi, yamma na yi zai gane kurensa. Ka tafi da bargo da rigar ruwa, kuma ka kauce wa damina, don ruwan can ba irin namu ba ne.

Maganar kwana: filin da ka gani kamar ba na kowa ba, yana da mai shi, ko gona ce ko makiyaya. Ka shiga gari da sauran rana, ka gaida mai gari ko Arɗo, ka faɗi ko kai wane ne, ka nemi inda za ka kafa tanti. Cikin gandun dajin kuwa sai da izinin ma’aikatansa. Ruwan rafi, komai garaunsa, ka tafasa. Kada ka tafi kai kaɗai, kada ka yi tafiyar dare, kuma kullum ka tambayi direbobin tasha yadda hanya take a gaba, sun fi intanet sanin inda babu lafiya.

Kafin duk wannan, ka gwada kanka a gida: ɗora kayan, ka yi kilomita 50 yau, gobe ka sake. Idan ka tashi rana ta uku ƙafa na ɗaukarka, sai mu yi maganar Taraba.

Sannan wayar nan. Na san hannunka zai yi ƙaiƙayi ka nuna wa duniya tantinka da dutsen da ke bayansa kai tsaye. Kada ka yi. Ba masoyanka kaɗai ke kallo ba. Mutum ɗaya ko biyu a gida su san inda ka kwana, ya isa. Bidiyon ka ajiye shi, sai ka bar wurin da kwana biyu sannan ka ɗora.