Kabewa: a duba cikinta kafin a ajiye iri

Ƴan uwa manoma, idan lokacin ajiye irin kabewa ya zo, da yawa daga cikinmu wadda ta fi girma suke zaɓa. Su fasa ta, su kwashe ƴaƴan, su shanya, su ce baɗi ita za a shuka. A ganina wannan zaɓi bai isa ba. Girman kabewa ba ya gaya mana abin da ke cikinta.

Akwai ƙasashen da ake gasar babbar kabewa, kamar Amurka, Kanada da Ingila. A shekara ta 2023 wani manomi na jihar Minesota, a Amurka, ya kai kabewa mai nauyin kilo 1247 wurin gasa. Wato ta fi buhu 12 na hatsi, mai kilo 100-100. Sai da inji aka ɗaga ta. Yaya suke yi? Suna da iri na musamman, sunansa Atlantic Giant. Gindi ɗaya sukan ba shi fili wajen mita 8 tsawo, mita 8 faɗi. Su tsinke ƴaƴan duka, su bar guda ɗaya tak. Su cika mata taki, su ba ta ruwa mai yawan gaske. A tsakiyar girmanta takan ƙara fiye da kilo 15 a rana guda.

To, amma masu noma ta ba don tukunya suke yi ba. Namanta ruwa ne tsululu, ga zare-zare, ba zaƙi. Bayan gasa yawanci ƴaƴan kawai ake kwashewa, sauran a ba dabbobi ko a mayar taki. Idan matan can za su gasa kabewa a tanderu, ƙarama suke nema, mai kilo 2 ko 3, mai nama kauri. Su da kansu sun raba kabewar kallo da kabewar ci.

Mu a nan, ruwan garka da wasaki ake jawo shi, ko da inji mai shan mai. Ba mu da ruwan da za mu zuba wa kabewar kallo.

Na san abin da mai garka zai ce: babba ita ke jan ido a kasuwa, ita ke kawo kuɗi. Gaskiya ne. Mai yanka kabewa yana saidawa yanki-yanki yana son babba, masu biki ma haka. Ban ce a daina noma ta ba. Amma a tuna da uwar gida. Idan ta fasa kabewa mai kilo 15 cikin zafin nan namu, ba firji, kwana 2 ko 3 sauran ya fara yauƙi, ya ruɓe. Mai kilo 3 ko 4 kuwa, miya biyu ta ƙare, ba a zubar da komi ba. Gindin da aka bar wa ƴaƴa 3 ko 4 matsakaita, in ɗaya ta lalace saura na nan.

Babban dalilina shi ne lafiyar yara. Kabewa, wadda wasu ke kira kabushi, tana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Wannan bitamin shi ke kare ido, yana kuma taimakon jiki wajen yaƙi da cuta, kamar ƙyanda da zawo. Yaron da ya rasa shi yakan kamu da dundumi: da magariba ta yi, ba ya gani sosai, yana tuntuɓe. In abin ya yi nisa, ido na iya lalacewa har abada. Mace mai ciki da mai shayarwa su ma suna bukatarsa ƙwarai. Alamar wannan bitamin a cikin kabewa ita ce launi. Wadda cikinta ya yi ja sosai, kamar karas ko nunannen mangwaro, ita ke da shi da yawa. Wadda cikinta ya yi fari-fari ko ɗorawa maras ƙarfi, kaɗan gare ta, komi girmanta.

Akwai sharaɗi guda: jiki ba ya ɗaukar bitamin A da kyau sai da mai. Shi ya sa miyar taushe, da ake sa wa gyaɗa, ta dace. Yaro da ya kai wata 6, a dafa masa kabewa ta yi laushi, a murje, a sa ɗan cokalin man gyaɗa, a haɗa da kununsa, ana ci gaba da ba shi nono. Wannan bai hana a kai shi karɓar bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara ba. Yaron da ya riga ya nuna dundumi kuwa, likita za a kai shi ba tare da jinkiri ba.

Yaya za a gane ta ƙwarai a kasuwa? A ɗaga ta: ta yi nauyi fiye da yadda ido ya zata. A danna farce a bayanta: in ya shiga, ba ta ƙosa ba. A duba hannun da ke riƙe da ita, ya zama busasshe mai tauri kamar icce. In yankakkiya ce, a duba launi da kaurin naman. Wadda za a gasa a tanderu ko cikin rushi, ƙarama mai busasshen nama ta fi, don mai ruwa narkewa take yi. Kabewar da aka ɗanɗana aka ji ɗaci sosai, kada a ci, tana sa amai da zawo.

Wajen girbi, a yanke ta da hannunta kamar tsawon yatsa, kada a fizge. Ta inda hannun ya cire ruɓa ke shiga. A ajiye ta a inuwa mai iska, bisa kara ko katako. Ƙosasshiya da ba ta ji ciwo ba tana yin watanni. Wadda za a yanka a shanya don rani, a shanya ta a inuwa, rana mai zafi tana rage bitamin ɗin.

Iri kuma, a jira sai an fasa an gani, an dafa an ɗanɗana. Wadda ta yi ja, ta yi kauri, ta daɗe ba ta ruɓe ba, ƴaƴanta za a wanke a shanya. Zuma tana kai garin fure daga wannan gindi zuwa wancan, har daga garkar maƙwabci, don haka ba duk ƴaƴan za su yi kama da uwarsu ba. Sai an maimaita zaɓen shekara bayan shekara. Masu garka kusa da juna, in suka haɗa baki suka ajiye iri mai jan ciki gaba ɗaya, aikin zai fi sauri.