Sharhi: Me makaɗan gitar Nijar ke ji a waƙoƙin Knopfler, Hendrix da Prince?

Tun bayan sauyin mulki na ranar 26 ga watan Yulin 2023, maganar ƴancin kai ta mamaye fagen siyasar Nijar, har ta gangaro kan al'adu: me za mu riƙe, me za mu mayar wa Turawa? Gitar Abzinawa na da abin cewa a wannan muhawara, domin makaɗanmu biyu da suka fi suna a duniya, Bombino da Mdou Moctar, dukansu sun sha ruwa a rijiyar kiɗan rok na Amurka da Ingila.

Bombino, haifaffen yankin Agadas a 1980, yana yaro tawayen 1990 ya kori iyalinsu zuwa Aljeriya. A zaman gudun hijira ne ya riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da na Mark Knopfler, jagoran ƙungiyar Dire Straits, yana kwaikwayon yadda suke sarrafa tsirkiya. Ba sai ya ji Ingilishi ba kafin ya ƙaru da su, don makaɗi hannu yake fara kallo. Knopfler da yatsunsa yake tsinkar gita, kamar yadda mai gurmi ke yi. Sannan rok ya fito ne daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka, wanda aka gina kan amo biyar, irin wanda kunnen ɗan Sahel ya saba da shi tun yana goye.

Bayan hannu, akwai labari. Waƙar Sultans of Swing ta 1978, wadda ta fito da Dire Straits, tana magana ne kan wasu makaɗa da Knopfler ya tarar suna wasa a wata mashaya ta kudancin Landan, kusan babu mai saurare, amma ba su fasa ba. Duk makaɗin da ya taɓa kwana yana kiɗan biki, aka sallame shi da abin da bai kai kuɗin mai ba, ya san wannan hali.

Haka labarin Purple Rain, waƙa kuma fim ɗin Prince na 1984: saurayi mai gita, rikici da uba, da kishiyoyi a fagen wasa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke saboda gidansu ba sa son kiɗa, shi ya fito a kwaikwayon fim ɗin da aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek, ya fita a 2015. Ba a sauya ƙashin labarin ba, domin kusan rayuwarsa ce.

To, shin wannan aro ya mai da su ƴan amshin shatan Turawa? Ayyukansu sun nuna akasin haka. Mdou, bahago kamar Hendrix, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin salula ya bazu a Sahel. A kundinsa Funeral for Justice na 2024, da ƙarar gitar rok ɗin ya caccaki Faransa kan abin da ta yi wa Nijar, ya kuma yi kira da a ceci harshen Tamashek. Shi kuwa Bombino, da kundin Deran na 2018, wanda ya rera da harshen uwa, ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy.

Ke nan abin da ya kamata a auna shi ne me aka ƙera da abin da aka aro. Matsalar da ta fi damun makaɗanmu tana gida: ƙarancin wuraren naɗar sauti masu inganci, kwafar waƙoƙi ba tare da biyan haƙƙin mai su ba, da dogaro kan yawon wasa a ƙetare kafin a ci abinci. In har ana son ƴancin kai ya kai ga al'adu, nan ne hukumomi za su fara: makaɗin Agadas, Maraɗi ko Damagaram ya iya rayuwa da sana'arsa a ƙasarsa, ba sai ya jira biza ba.